Scots Harshe Ne, Ko Turancin Ƙauye Ne?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ma'aikaciyar jinya ce a wani gidan kula da tsofaffi da ke kusa da Aberdeen, a ƙasar Sikotlan. Ina jin Turanci sosai, amma idan tsofaffin nan suka juya suna hira a tsakaninsu sai in ji kamar an toshe mini kunne. Wata abokiyar aikina ta ce yarensu ne, ana ce masa Scots. Wata kuma, ita ma 'yar ƙasar, ta ce ba wani yare, Turancin ƙauye ne kawai. Wace ce ke da gaskiya? Kuma mene ne ainihin bambancin harshe da karin harshe?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya yi taimako, ya sa albarka a aikin. Kunnenki lafiyarsa ƙalau, Turancinki ma bai gaza ba. Baturen Landan da za a kawo shi ɗakin nan a zaunar da shi cikin tsofaffin Aberdeenshire, shi ma zare ido zai riƙa yi. Abin da kike ji yana da suna, yana da adabi rubutacce na fiye da shekara 600, yana da manyan ƙamus guda biyu, ɗaya mai juzu'i 12, ɗaya mai juzu'i 10. Gardamar da abokan aikinki suke yi kuwa ba su suka fara ta ba, tun ƙarni na 18 ake yin ta a ƙasar. Zan gaya miki inda na tsaya, amma sai kin yi haƙuri mun ɗan zaga.

Akwai abu uku da baƙo kan cakuɗa a Sikotlan. Na farko Gelik, harshen tsaunukan arewa maso yamma da tsibiran da ke gefensu. Shi ɗan'uwan harshen mutanen Ailan ne, kuma tsakaninsa da Turanci akwai nisan da ba mai musu a kai. A ƙidayar 2011 masu magana da shi ba su kai 60,000 ba. Na biyu Turancin Sikotlan, wato Turancin makaranta da ofis da rediyo da ake furtawa da lafazin ƙasar. Shi likitoci da shugabannin wurin aikinki suke yi miki, shi ya sa kike jin su. Na uku shi ne Scots, harshen filayen kudu da gabas, daga kan iyaka da Ingila har zuwa tsibiran Orkney da Shetland, da wani ɓangare na Ailan ta Arewa inda mutanen Sikotlan suka yi ƙaura tun farkon ƙarni na 17. Shi kansa Scots ɗin yana da nasa kare-karen, kuma ƙaddara ta kai ki inda ya fi kauri. Karin yankinku ana ce masa Doric.

Ki kasa kunne gobe da safe. Za ki ji tsohuwa ta dubi 'yar'uwarta ta ce "Fit like?", wato yaya kike. Ita kuma ta amsa da "Nae bad", ba laifi. Kalmomin tambaya da Turanci ke farawa da wh, su a yankinku da f suke fara su: fit a wurin what, far a wurin where, fan a wurin when. Ba kuskure ba ne, ƙa'ida ce da ba ta tashi, kamar yadda Basakkwace ba ya kuskure idan ya ce tahiya inda Bakano ke cewa tafiya. Yarinya quine ce, yaro loon ne. A sauran ƙasar za ki ji bairn ko wean ga jariri ko ƙaramin yaro, kirk ga coci, ken ga sani. "Ban sani ba" shi ne "A dinna ken". Ki lura da yadda aka yi korewar: ɗafi ne a ƙarshen aikatau, dinna, canna, winna, ba irin na Turanci ba. Jam'in ido een ne, jam'in saniya kye. Har ma suna da mataki uku na nuni, this da that da yon, inda yon ke nuna abin da ya yi nisa da mai magana da mai saurare duka, kamar "wancan can" namu. Turancin yau ya yar da wannan, Scots ya riƙe.

Kuskuren abokiyar aikinki ta biyu, wanda ba ita kaɗai ke yin sa ba, shi ne zaton cewa Scots Turanci ne da ya lalace a bakin manoma. Tarihi bai nuna haka ba. Wajen ƙarni na 5 da na 6 wasu ƙabilu daga yankin arewacin Jamus da Denmak na yau suka tsallaka zuwa Birtaniya da harshensu. Wani reshe nasu ya kafa masarautar Northumbria a arewa, kuma a ƙarni na 7 ikonsu ya kai har yankin Edinbara. Maganar mutanen kudu, musamman ta Landan da kewaye, ita ta girma ta zama Turancin da aka koya mana a makaranta. Maganar mutanen arewa da ke cikin masarautar Sikotlan ita ta girma ta zama Scots. Ke nan ɗan wa da ɗan ƙane ne, kaka ɗaya, gida daban. Ba wanda ya haifi wani.

Hujjar tana cikin sautin kalmomin. A tsohon harshen da suka gada, gida hus ne da dogon wasalin u. Daga baya mutanen kudu suka karya wasalin ya koma au, suka ce house. Mutanen Sikotlan har gobe hoose suke cewa, haka moose da doon da toon. A nan Turanci ne ya canza, Scots ya tsaya inda kaka ya bar shi. Dutse kuma a da stan ne da dogon a. Kudu ta kai shi stone, arewa ta kai shi stane, haka home da hame, bone da bane. Kowa ya bi tasa hanyar. Sannan kin taɓa tambayar kanki amfanin gh ɗin da ake rubutawa a night da light ba a furta shi? Ragowar wani sauti ne na maƙogwaro, mai kama da ha mai ruwa ta Larabci, wanda Turanci ya daina furtawa ya bar gawarsa a rubutu. Tsofaffinki har yanzu suna furta shi: nicht, licht, dochter. Banda wannan, kowanne ya yi nasa aron. Scots ya ɗebo da yawa daga harshen mutanen Norwe da Denmak na dā, ya ɗebo daga 'yan kasuwar Holan da Filandas da suka zauna a garuruwan kasuwa tun zamanin Sarki David na I, wanda ya yi mulki daga 1124 zuwa 1153. Tsohuwar ƙawance da Faransa ta bar masa kalmomi irin ashet, babban faranti, da fash, damuwa ko ɓacin rai.

To, duk wannan ya isa a ce harshe ne? A nan ne za ki ga masana ba su da sikeli. Ma'aunin da kowa ke fara ɗaukowa shi ne fahimtar juna: in mutum biyu suna jin juna ba tare da koyo ba, harshensu ɗaya, in ba sa ji, biyu ne. Yana da daɗin faɗa, amma da an fita da shi kasuwa sai ya karye. Mutumin Norwe da na Suwidin suna zama su yi hira kowa da bakinsa, amma duniya ta yarda harsuna biyu ne. Mai Hindi da mai Urdu a kasuwa ba su bukatar tafinta. Mai maganar Beijin da mai maganar Kanton kuwa ba sa jin juna ko kaɗan, amma a Sin an saba kiran su kare-karen harshe ɗaya. Balaraben Maroko in ya saki baki da maganar gidansu, Balaraben Iraƙi kaɗan zai tsinta, kuma dukansu za su rantse Larabci suke yi. Daga ƙauyukan Holan zuwa na Jamus har Ostiriya, a da kowane ƙauye yana jin maƙwabcinsa, amma na wannan ƙarshen bai jin na wancan. A ina za a ja layin? Haka lamarin Fulatanci yake daga Futa Toro a Senegal zuwa Adamawa.

Abin da ya fi kashe wannan ma'auni a wurina shi ne wani bincike da aka yi a ƙasarmu. A 1959 wani masani mai suna Hans Wolff ya wallafa abin da ya gani a yankin Neja Delta tsakanin Nembe da Kalabari, waɗanda maganarsu ke da kusanci ƙwarai. Mutanen Nembe suka ce suna jin Kalabari sarai. Mutanen Kalabari, waɗanda suka fi arziki da faɗa a ji a lokacin, suka ce su ba sa jin Nembe. Nisan da ke daga Nembe zuwa Kalabari ai shi ne daga Kalabari zuwa Nembe. Abin da ya bambanta shi ne wa ke bukatar jin wa. Na ƙasa kullum yana koyon maganar na sama, na sama kuwa ba ya wahalar da kunnensa. Duk mai magana da Scots yana jin Turanci, domin da shi ya yi makaranta, da shi yake kallon talabijin. Wannan ba ya nuna cewa Scots da Turanci abu ɗaya ne. Ya nuna mutum ne mai baki biyu. Gwajin gaskiya shi ne irin naki: mai Turanci tsantsa da bai taɓa jin Doric ba.

Akwai wata magana da ta shahara, wadda masanin harshen Yidish na Yahudawan Turai, Max Weinreich, ya rubuta a 1945, ya ce daga bakin wani mai sauraren laccarsa ya ji ta: harshe kari ne da ya samu sojan ƙasa da na ruwa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Barebari ba su da rundunar ruwa, kuma ba wanda zai ce Barbarci karin Hausa ne. Wanda ya fi warware zaren shi ne wani Bajamushe, Heinz Kloss. Ya ce hanya biyu ce magana ke bi ta amsa sunan harshe. Wata tazara ce ke ba ta, domin ba ta kama da kowa a kusa da ita, kamar Hausa da Fulatanci da Barbarci, waɗanda ko ba a taɓa rubuta su ba harsuna ne daban. Wata kuma gini ne ke ba ta: tana da 'yan'uwa masu kama da ita, amma masu ita sun yi mata ƙa'idar rubutu, da ƙamus, da nahawu, suna shari'a da ita, suna koyarwa, suna rubuta littattafan ilimi. Ya kuma kawo misalin rufi. Daidaitaccen harshe kamar rufin ɗaki yake, kare-karen magana suna zaune a ƙarƙashinsa.

Ni na fi son in kira shi alƙibla. Ki tambayi kanki: mai wannan magana, in zai rubuta wasiƙa, wace ƙa'ida yake bi? In ya ga ɗansa ya yi "kuskure", zuwa ina yake gyara shi? In yana bukatar sabuwar kalma, daga ina yake ɗaukowa? Inda ya fuskanta, nan ne harshen da ake lissafa maganarsa a ciki. Kuma alƙiblar nan tana juyawa ba tare da bakin mutane ya canza ba. Yankin Skåne da ke kudancin Suwidin yau, a da ƙasar Denmak ne, maganar mutanensa ana ɗaukarta karin harshen Denmak. A 1658 aka yi yarjejeniya bayan yaƙi, yankin ya koma hannun Suwidin. Manoman wurin ba su kwana sun tashi da sabon baki ba. Coci da makaranta da kotu ne suka juya, kuma ba a daɗe ba aka wayi gari ana ce wa maganarsu karin harshen Suwidin.

Da wannan ma'aunin, tarihin Scots ya fito fili, kuma ni duk lokacin da na koyar da shi sai na ji zafinsa. Domin Scots ya taɓa mallakar rufin kansa cikakke. Wajen 1375 John Barbour ya rubuta doguwar waƙar tarihin Sarki Robert Bruce da shi. Daga 1424 dokokin majalisar ƙasar da shi ake rubuta su maimakon Latin. Sarki da shi yake magana a fada, alƙali da shi yake yanke hukunci, magatakardan gari da shi yake ajiye lissafi. Mawaƙa irin su Robert Henryson da William Dunbar sun yi rubutun da masana da yawa ke ganin ya fi na Ingila na zamaninsu. A 1498 jakadan Sifaniya a fadar Sarki James na IV, Pedro de Ayala, ya rubuta wa iyayen gidansa cewa harshen sarkin ya bambanta da Turanci kamar yadda harshen Aragon ya bambanta da na Kastil, yankuna biyu na Sifaniya. A 1508 aka kafa injin buga littafi a Edinbara. A 1513 Gavin Douglas ya gama fassara babbar waƙar Virgil, mawaƙin Rum na dā, daga Latin, ya kuma bayyana a fili cewa da harshen al'ummar Sikotlan ya yi ta. Abin lura, kafin ƙarshen ƙarni na 15 su kansu Inglis suke kiran maganarsu, sunan Scottis na Gelik ne. Sai da suka ga harshensu ya tsaya da ƙafarsa sannan suka ba shi sunan ƙasa. Har suna ma siyasa ce.

Sai rufin ya fara yoyo, ba kuma da takobi ba. Na farko addini. A 1560 Sikotlan ta bar ɗariƙar Katolika ta koma Furotesta, wadda ginshiƙinta shi ne kowa ya karanta Littafi Mai Tsarki da harshen da yake ji. To amma babu bugaggen Baibul da Scots. Wani mutum mai suna Murdoch Nisbet ya juya Sabon Alkawari zuwa Scots wajen 1520, amma aikin ya zauna a rubutun hannu, ba a buga shi ba sai farkon ƙarni na 20. Abin da ke hannu shi ne fassarar Turanci da aka yi a Janiba, ita aka ɗauka. Ki yi tunanin abin da wannan ke nufi. Kowace Lahadi a coci, kowane dare a gida, yaro yana jin mafi girman magana da Turanci, yana koyon karatu daga littafin Turanci. Maganar uwarsa ta zama ta murhu da gona, ta Ubangiji kuwa ta Ingila ce. Mu da muka san matsayin da addini ya ba Larabci a zukatanmu ba sai an yi mana dogon bayani ba.

Na biyu sarauta. A 1603 Sarauniya Elizabeth ta Ingila ta rasu ba magaji, sarautar ta faɗa wa James na VI na Sikotlan. Ya tattara ya koma Landan, fada ta bi shi, mawaƙa da masu neman muƙami suka bi fada. Sau ɗaya tak ya sake taka Sikotlan, a 1617. Shi da ya yi rubuce-rubucensa na farko da Scots, sunansa ne yau ke kan fassarar Baibul ta Turanci ta 1611. Na uku majalisa. A 1707 aka haɗe majalisun ƙasashen biyu, doka ta koma fitowa daga Landan. Daga nan sai kunya ta shiga, kuma ita ce ta fi kowace doka ɓarna. Manyan masanan Edinbara, waɗanda Turai duka ke karanta littattafansu, suka shiga tsoron kada a ji ƙauyanci a alƙalaminsu. David Hume, da girmansa a falsafa, ya tsara jerin kalmomin Sikotlan da ya kamata marubuci ya guje musu. A 1761 wani ɗan Ailan, Thomas Sheridan, ya zo Edinbara yana koya wa manyan gari yadda ake furta Turanci "daidai", suka yi ta tururuwa. Dokar ilimi ta 1872 ta tilasta makaranta ga kowane yaro, amma ba ta ba Scots ko Gelik wuri ba. Ki tambayi tsofaffinki. Da wuya ki rasa wanda zai ba ki labarin yadda malami ya tsawata masa ko ya zane shi da bulalar fata a tafin hannu don ya ce aye maimakon yes. Abokiyar aikinki da ta ce "Turancin ƙauye ne", abin da aka koya wa kakarta take maimaitawa.

Ko Robert Burns, wanda ake bikin ranar haihuwarsa duk 25 ga Janairu, wanda duniya ke rera waƙarsa a daren sabuwar shekara, littafinsa na 1786 ya sa masa suna Poems, Chiefly in the Scottish Dialect. Da bakinsa ya ce kari. Marubutan wancan zamani sun kuma shigo da wata ɗabi'a ta rubutu da ta yi wa harshen illa: suna sa alamar ɗaurin sama duk inda Turanci ke da harafin da Scots ba shi da shi, su rubuta wi' da a' da o'. Mai karatu yana gani sai ya ɗauka kalmar Turanci ce aka gutsure. Alhali ba abin da ya faɗi, haka kalmar take a bakin masu ita tun ɗaruruwan shekaru. Marubutan yau da yawa sun daina sa alamar, kuma sun yi daidai.

Ki kwatanta da Norwe. Ita ma ta yi kusan shekara 400 a ƙarƙashin Denmak, da harshen Denmak ake rubutu, maganar ƙauyukanta ana ganin ta lalataccen abu. Amma bayan rabuwa a 1814, wani ɗan manomi mai suna Ivar Aasen ya bi ƙauyuka yana tattara magana, ya fitar da nahawu a 1848 da ƙamus a 1850, kuma a 1885 majalisa ta daidaita matsayin rubutunsa da wanda aka gada. Yau ba mai tambayar ko mutanen Norwe suna da harshe. Hanya ɗaya ce, Norwe ta haura, Sikotlan ta gangaro.

Mu ma a gida abin bai yi mana nisa ba. Daidaitacciyar Hausa da muke rubutu da ita a kan Kananci aka fi gina ta, ta hanyar aikin hukumar talifi ta Zariya, da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fita a 1939, da Hukumar Hausa ta 1955. Amma waƙoƙin ajami da yawa na ƙarni na 19 da kamannin Hausar yamma suka zo, domin a can cibiyar daula da malanta take. Da tarihi ya bi wata hanya, wataƙila yau "rigat" da "shina zuwa" ne daidai a jarrabawa, ana gyara wa Bakano baki. Sakkwatanci da Katsinanci da Damagaranci kare-karen Hausa ne domin masu su duka Hausawa suke kiran kansu, kuma rufi ɗaya suka yarda da shi, ba domin sun gaza Kananci da komai ba. Gwandara kuwa, duk da ita ce mafi kusa da Hausa a dangi, masana harshe daban suke lissafa ta. Sannan ina so mu riƙa jin kanmu idan muka ce wa maganar wasu "yare" da irin muryar nan da muka sani. Abin da aka yi wa Scots ke nan.

Adalci ne in faɗi hujjar masu cewa kari ne, domin a cikinsu akwai masana na ƙwarai. Suna cewa yau mafi yawan mutane ba tsantsar Scots suke yi ba. Masanin nan A. J. Aitken ya siffanta lamarin da igiya mai baki biyu, Scots mai kauri a wannan ƙarshen, Turancin Sikotlan a wancan, mutum yana zamewa a tsakani gwargwadon wanda yake magana da shi. Za ki gani da idonki: abokiyar aikinki ɗaya za ta yi wa likita magana iri ɗaya, ta juya ga tsoho ta yi wata iri, ba ta ma san ta canza ba. Suna cewa kuma har yau babu ƙa'idar rubutu ɗaya da kowa ya yarda da ita, kuma mafi yawan nahawun ɗaya ne da na Turanci. Wannan duk gaskiya ne. Rashin ƙa'idar nan ya fito da muninsa a watan Agusta na 2020, lokacin da aka gano cewa maƙaloli sama da 20,000 na Wikipedia ta Scots wani matashi ɗan Amurka ne ya rubuta su, wanda bai iya harshen ba. Da kyakkyawar niyya ya fara tun yana yaro, yana ɗaukar jimlar Turanci yana sauya wa kalmomi kama. Shekaru ana haka ba a farga ba, domin masu harshen ba su saba neman ilimi da shi a rubuce ba, balle su duba.

Su kansu mutanen zuciyarsu biyu ce. A wani bincike da gwamnatin Sikotlan ta wallafa a 2010, kashi 85 cikin 100 suka ce suna magana da Scots ko yaya, amma kashi 64 suka ce ba sa ɗaukarsa harshe, salon magana ne kawai. A ƙidayar 2011, karon farko da aka yi tambayar, mutum kusan miliyan 1.5 suka ce suna iya magana da shi, kuma a Aberdeenshire da Shetland kusan rabin jama'a ne. Ta fuskar hukuma dai an yi gaba. Birtaniya ta amince da shi a 2001 a ƙarƙashin yarjejeniyar Turai ta kare harsunan yankuna da na tsiraru, kuma a 2025 majalisar Sikotlan ta zartar da dokar da ta ba shi matsayin harshen hukuma tare da Gelik. Sabon Alkawari da bai samu ba a 1560 ya samu a 1983, fassarar W. L. Lorimer kai tsaye daga Girkanci.

Inda na tsaya shi ne, Scots harshe ne, ɗan'uwan Turanci na jini, wanda ya taɓa riƙe ƙasa sannan aka ɗauke masa rufi, yanzu yana zaune a inuwar ɗan'uwansa yana ƙoƙarin sake ɗaura nasa. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya ce yau matsayinsa a rayuwar yau da kullum ya fi kama da na kari, zan zauna mu yi muhawara cikin mutunci. Wanda ya ce lalataccen Turanci ne kuwa, wannan bai da hujja ko ɗaya, domin ko kari ba lalacewa ba ne. Daidaitaccen harshe shi ma kari ne da aka zaɓa aka yi wa riga.

Ke kuma abin ya wuce muhawara, aikinki ne. Tsoho idan jiki ya yi rauni, musamman mai ciwon mantuwa, sau da yawa maganar ƙuruciyarsa ce ke saura a bakinsa, kuma kalmomin da suka fi haɗari su ne masu kama da Turanci amma ma'anarsu daban. In aka ce miki wance tana greetin, ba gaisuwa take yi ba, kuka take yi. The morn gobe ne, ba safiya ba. In tsoho ya ce "A doot", sau da yawa ba shakka yake nufi ba, yana nufin yana kyautata zaton abin zai faru. Mind tunawa ne. Lug kunne, oxter hammata, sair ciwo, wabbit gajiya liƙis. Ki samu ɗan littafi ki riƙa rubuta abin da kika ji, ki duba a ƙamus ɗin Scots da ke intanet kyauta, wanda ya haɗa manyan ƙamus biyun da na ambata. In kin ga tsohuwa tana yamutsa fuska, ki durƙusa kusa da ita ki ce "Far's it sair?", wato ina ke miki ciwo. Za ta nuna miki wurin.